Babi na Huɗu: Sauro, Ƙuda da Kaska

Darasi na 1: Yadda sauro ke kawo zazzaɓi

A karanta a hankali. Wanda wata kalma ta tsaya masa, ya ɗora yatsa a kanta ya sake. Babu gaggawa.

Zazzaɓin cizon sauro ba daga rana yake zuwa ba, ba daga dukan ruwan sama ba, ba kuma daga cin ɗanyen mangwaro ba. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana zaune a jinin mai zazzaɓi. Ba ta da ƙafa balle fiffike. Sauro ne ɗan dakonta, shi ke ɗauko ta daga jikin wani ya sauke a jikin wani.

Macen sauro ce ke cizo, domin sai da jini ƙwanta ke nuna. Idan ta ciji mai zazzaɓi, sai ta tsotso jini haɗe da ƙwayar. Ƙwayar za ta yi kwana 10 zuwa 14 a jikinta tana girma. Bayan nan duk wanda ta ciza, sai ta zuba masa ita ta cikin yawunta. Ƙwayar ta fara sauka a hanta, ta hayayyafa, sannan ta fantsama cikin jini. Shi ya sa zazzaɓi ba ya tashi a daren da aka yi cizon, sai bayan mako ɗaya zuwa biyu. Wannan sauron da dare yake farauta, daga magariba zuwa asuba. A nan Kano abin ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba.

Darasi na 2: Gidan sauro

Wannan darasi ya fi kowanne tsawo, kuma da gangan ne.

Idan gidan sauro mai magani sabo ne, a cire shi daga leda a shanya a inuwa kwana ɗaya cur kafin a kwana a ciki. Wanda ya tsallake wannan shi ke tashi da ƙaiƙayin fuska, daga nan ya ce gidan sauro bai karɓe shi ba. A ɗaure kusurwa huɗu da igiya a jikin ƙusa. Kada a ɗaga shi sama sosai. A bar bakinsa ya sauko ƙasa har ya yi saura, domin wannan sauran shi za a cusa.

Ga inda mutane suka fi tuntuɓe. Ratayawa kaɗai ba ta isa ba, sai an cusa bakinsa a ƙarƙashin katifa ko tabarma, gefe huɗu. A fara da wajen kai, a cusa. A koma wajen ƙafa, a cusa. A bi gefen bango, a cusa, ko da ana ganin bango ya tare. A shiga, sannan a cusa gefe na huɗu daga ciki. A bi da hannu a zagaye, a ji ko akwai inda ya rage. Sauro numfashin mutum da warin jikinsa yake bi, yana laluben raga har ya tarar da ƙofa, kuma ƙofar da yatsa biyu za su shiga ta ishe shi.

An fita fitsari da tsakar dare? Idan an dawo, a sake cusawa. Uwa ta tashi ta ɗauko wa jariri ruwa? Ta sake cusawa. Yaro mai birgima ya fizge gefe ɗaya? A tashi a cusa. Da farko abin zai yi kamar wahala, amma mako ɗaya ya isa hannu ya saba. Da yawa sun koya, ku ma za ku iya.

Kada a kwanta jiki na manne da raga, sauro zai ciza ta waje. Idan ta huje, a ɗinke da zare ko a ƙulle wurin tun yana ƙarami. A wanke da sabulu mara ƙarfi, ba da garin wanki ba, a shanya a inuwa, domin rana na kashe maganin. Idan an kula da shi yakan kai shekara 3.

Da bazara mutane na fitowa tsakar gida ko soro saboda zafi. To, a fito da gidan sauro tare da tabarma, a ɗaura a igiyar shanya, a cusa gefe huɗu. Sauron waje ba ya da kunya fiye da na ɗaka.

Yanzu bari a faɗi gaskiya. Sau nawa za a maimaita? An ba mutum gidan sauro kyauta, ya je ya killace yayyafin tumatir da shi, ko ya yanka ya yi soson wanka, ko yara su kafa shi ragar ƙwallo a lungu. Wani kuma yana ƙasan akwati a ledarsa, ana jiran baƙo. Sannan yaro ya kama jijjiga a fita da shi a guje da tsakar dare. Haba jama'a! Wannan ba rashin sani ba ne, sakaci ne.

A rubuta wannan jimla sau uku a littafi: Zan cusa gidan sauro gefe huɗu.

Darasi na 3: Ruwan da ke kwance

Sauro a ruwa yake ƙwai. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin ɗumi. Saboda haka sau ɗaya a mako, a ce ranar Asabar, a zagaya gida. A duba tsohuwar taya, gwangwani, fasasshiyar tukunya, kaskon ruwan kaji, da ramin da aka haƙa don kwaɓa ƙasa. A zubar, a kife, a cike rami da ƙasa. Randa da duro a rufe su. Idan an ga ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ruwa, 'ya'yan sauro ne.

Zubarwa kaɗai ba ta isa a randa ba, sai an goge cikinta da soso. Akwai wani sauro baƙi mai ɗigon fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke manna ƙwansa a jikin mazubi, kuma ƙwan na jure bushewa wata da watanni. Shi ke yaɗa cutar shawara. Allurar rigakafinta ana yi wa yaro yana wata 9. Kududdufi da lambatun unguwa sun fi ƙarfin gida ɗaya, aikin gayya ne, a sa mai unguwa a ciki.

Darasi na 4: Idan zazzaɓi ya zo

Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. A je a yi gwajin jini na ɗan yatsa, minti 15 zuwa 20 ya fito. Idan shi ne, maganin na kwana 3 ne, a sha bayan an ci abinci, a shanye duka ko da jiki ya yi sauƙi. Yaron da ke jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko ya kasa shan nono, asibiti kai tsaye. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida da damina na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, kuma na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa yake, kada a ajiye. Mai juna biyu ta je awo, akwai nata. Ko ana shan magani, a cusa gidan sauro.

Darasi na 5: Ƙuda

Ƙuda ba ya cizo. Yana sauka a kan bayan gida, ya kwaso ƙazanta a ƙafafunsa, ya sauka a kan tuwo. Daga nan sai gudawa da atini. A rufe abinci, a rufe bakin masai, a zubar da kashin yaro nan take. A wanke wa yara fuska, domin ƙuda na kai ciwon ido daga wannan yaro zuwa wancan.

Darasi na 6: Kaska

Kaska na jikin shanu, tumaki da karnuka, takan kuma shigo gidaje da ragunan layya. Tana iya ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini. Idan ta kama mutum, a riƙe ta da matsefata dab da fata, a ja a miƙe a hankali, a wanke wurin da sabulu. Kada a ƙona ta, kada a zuba mata kalanzir, kada a fasa ta da farce. Idan zazzaɓi ya zo cikin mako biyu, a gaya wa likita cewa kaska ta yi cizo.

Darasi na 7: Ƙwarƙwata

Ta tufafi ce mai yaɗa cuta. A wanke kaya da ruwan zafi, a yi guga.