Kafin ka sayi kayan haɗa saba a gida, fara lissafin wuta

Wani ƙanina da yake koyon harkar netwok ya turo min hoton wata tsohuwar saba (server, wato kwamfutar da take yiwa sauran na'urori hidima ta netwok) ƙirar Dell PowerEdge R720 da ya gani ana saidawa da arha, wai yaya in ɗauka? Nace masa tsaya tukuna, awa nawa ake baku wuta a unguwarku. Yayi shiru. To daga nan ake fara zaɓen kayan saba a ƙasar nan, furosesa da RAM duk daga baya suke zuwa.

Ita saba aikinta ta kwana a kunne ta wuni a kunne. Irin waɗancan manyan na kamfani, ko ba aikin komai suke ba, sai su ci wat 100 zuwa 150. Ɗauki 150 ka ninka da awa 24, yunit 3.6 kenan kullum, a wata ya haura yunit 100, in kana Band A, rukunin da aka fi baiwa wuta, da yunit ya wuce naira 200 a 2024, kai ma kasan sauran lissafin. In kuma da inbata kake, batir ɗaya mai 200Ah da bolt 12 in na ruwa ne kusan rabinsa kawai ya kamata ka ja, wato awa takwas ta shanye shi tas ko fanka baka kunna ba. Ga ƙara kamar injin markaɗe, ga zafi, a ɗakin da kake kwana a watan Afrilu wallahi ba zaka jure ba.

Abin da nake cewa kowa ya fara dashi shine ƙananan kwamfutocin ofis ɗin nan na hannu masu girman littafi, Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini ko Lenovo ThinkCentre Tiny. In suna zaune basa aiki mai nauyi wat 10 ne ko kusa da haka, kaga a rana ko rubu'in yunit basu cika ba, ƙaramin sola ma ya riƙe su. Ana samunsu a Computer Village dake Ikeja da Banex a Abuja, a Kano ma in ka zaga wajen masu saida kwamfuta tokumbo baka rasawa.

Furosesa kar ka ruɗu da sunan i7, ka duba zubi (generation) na nawa ne. i7 zubi na 3 tsoho ne tukuf, i5-8500T ta fishi nesa ba kusa ba, kwakwalwa 6 gareta kuma an yi ta ne don cin wuta kaɗan, wannan T ɗin na ƙarshe ma'anarsa kenan. Intel daga zubi na 7 ko 8 zuwa sama Quick Sync ɗinsu, wato ɓangaren furosesa mai sarrafa bidiyo, yana juya bidiyo cikin sauƙi, in kana so ka ɗora Jellyfin, manhajar kallon finafinan da ka tara, ƴan gida su dinga kallo a waya shi zai ɗauke maka nauyin. Akwai kuma sababbin ƴan ƙanana masu Intel N100 da ya fito a 2023, kwakwalwa 4, cin wutarsu ba'a magana, amma ramin RAM ɗaya ne tal, in burinka tara kwamfutoci cikin kwamfuta, wato VM, da manhajar Proxmox zasu matse ka da wuri. Kafin ka biya kuɗi shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka tabbatar VT-x da VT-d da VM yake amfani dasu suna nan, kuma ba'a kulle BIOS ɗin da kalmar sirri ba, don kayan ofis wasu a kulle suke zuwa.

RAM kam shine abin da yake fara ƙarewa. Gaskiya ni ban taɓa ganin furosesa ta ta cika ba amma RAM kullum a wuya yake. Fara da 16GB, in da hali 32GB, DDR4 irin na laftof waɗannan ƙananan suke ɗauka kuma yawanci rami biyu ne. Maganar ECC, wato RAM mai gyara kuskure da kansa, da zaka ga ana ta musu akai, yana da kyau in ajiyar bayanai masu muhimmanci zakayi da ZFS, wani tsarin jera bayanai a faifai, amma don koyo kar ya hanaka farawa. In ka saka RAM ɗin barshi ya kwana yana MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM.

Wajen ajiya nan ne ƴan hannu suke cin mutane. Ni an taɓa saida min faifai wai sabo fil a leda, da na duba SMART ɗinsa, wato bayanan lafiyar faifan, na tarar yayi aiki awa sama da dubu talatin. Tun daga nan bana sayen ko ɗaya sai na duba shi da manhajar CrystalDiskInfo a gaban mai shago, in yaƙi yarda in kama gabana. Tsarin aiki da VM ɗinka ka ɗora su akan SSD, NVMe in akwai raminsa, 500GB ya isa farawa. Manyan faifan HDD na tara finafinai da hotuna ka nemi mai tsarin rubutu na CMR, ka guji mai tsarin SMR don yana jan ƙafa sosai in rubutu yayi yawa musamman da ZFS. Matsalar ƙananan kwamfutocin nan basu da wajen saka babban faifai, in NAS, wato ma'ajiyar bayanai ta netwok, kake so da faifai uku ko huɗu gara ka ɗauki mai babban gida irin ta tsaye. Kuma faifai biyu masu kwafin juna basu hana ka ajiye wani kwafin daban a waje ba, in wuta ta ƙona allon duka biyun zata iya tafiya dasu.

Katin netwok in ka samu na Intel yafi zaman lafiya da Linux akan Realtek, gigabit ɗaya ya isheka, kuma ka ja kebul daga rauta, kar ka dogara da Wi-Fi.

Sai UPS, ƙaramin batir ɗin da yake riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ka saka shi ko kana da inbata, in dai tana ɗan jinkiri wajen sauyawa lokacin da aka ɗauke wuta to sabar zata mutu ta tashi, yau da gobe bayananka su lalace. A BIOS akwai wajen da zaka zaɓa ta kunna kanta in wuta ta dawo, a Dell sunansa AC Recovery, ka maida shi Power On, in ba haka ba kana ofis zaka ta neman sabarka ashe tana kashe tun safe. Ka ɗora ta akan teburi inda iska take shiga, kar ka ajiye ta ƙasa kan kafet, in hunturu ya shigo duk wata ka buɗe murfin ka hure ƙurar fankar.