Yadda ake fita kamun tuna a ƙaramin jirgi a dawo gida lafiya

Masuncin da ya tashi a Yauri ko Baga, in iska ta taso, ya san lungun da zai karkata kan jirgi ya fake. Mai neman kifin tuna a tekun Gana ba shi da wannan gata. Kifin yana kiwo ne can inda ƙasan teku ke gangarawa zuwa zurfi, tafiyar sa'o'i daga Tema ko Elmina ko Takoradi, inda tudu ya ɓace wa ido, sabis ɗin waya kuma ya ɗauke. Abin da ka manta a gida, ka manta shi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka shiri tun jajibere ake fara shi.

Fara da sama. Saurari sanarwar hukumar hasashen yanayi ga masu shiga teku, sannan ka tambayi waɗanda suka dawo jiya abin da suka tarar. Daga Afrilu zuwa Yuni hadari kan haɗo daga gabas, ya iso da iska mai ƙarfi kafin ka gama naɗe fatsa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa kan yi sanyi, kifi ya yawaita, igiyar ruwa ma ta ƙara girma. Lokacin hunturu kuwa hazo ke rufe ido. In zuciyarka ba ta kwanta da ranar ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sai lissafin mai. Kasa shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. In jarka shida ka ɗauka, da zarar ta biyu ta ƙare sai a juya, ko da tsuntsaye na ta shawagi a kan garken kifi gabanka. Dawowa ta fi shan mai, domin jirgi ya yi nauyi, ga ruwan wannan yanki da ke jan jirgi zuwa gabas. Zuba fulogi, igiyar tayar da inji, farfela da sifana a roba mai murfi. Haɗa da filafilai, bokitin kwalfe ruwa, da tamfol, wanda zai yi maka inuwa ya kuma tari ruwan sama. Ruwan sha da garin kwaki su wuce na kwanakin da ka yi niyya. Ruwan teku ba a shan sa, ƙishi yake ƙarawa.

Kafin a tura jirgi, bar saƙo a hannun wanda ba zai yi wasa da shi ba, ɗan'uwa ko sarkin masuntan wurin, wanda ƙabilar Fante ta bakin tekun Gana ke kira apofohene. Faɗa masa ku nawa ne, ina kuka nufa, da ƙarfe nawa za a fara neman ku in ba a gan ku ba. "Sai mun dawo" ba saƙo ba ne. Riƙe rediyon VHF da jirage ke magana da juna da shi, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya. Riƙe GPS, na'urar da ke nuna inda kake, da kamfas don ranar da batir zai mutu. Mai hali ya sayi na'urar EPIRB, wadda ke aika kiran neman agaji ta tauraron ɗan adam a zango 406 MHz. Tana da tsada, amma a ganina ta fi sabon fenti amfani.

Rigar kariya daga nutsewa a jiki ake sa ta tun daga bakin gaɓa, domin wajen keta igiyar ruwan da ke fashewa a bakin yashi jirage da yawa ke kifewa. Na san samari na jin kunyar ta, wai kada a ce ba su iya iyo ba. Gwanin iyo ma in gefen jirgi ya buge shi a ka, ba abin da iyawarsa za ta yi masa. Direba kuma ya ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannu, don in ya faɗa ruwa jirgi ya tsaya.

Yanzu ga inda aka fi jin rauni, wato lokacin da kifi ya ci. Kifin tuna mai rawayar ƙaya na iya haura kilo 100, kuma da ya ji ƙugiya sai ya yi ƙasa da gudu. Zaren da ke kwance a baho yanzun nan sai ka ji yana fita yana kuka a gefen katako. Duk abin da ya tarar a hanya, yatsa ko idon sawu, da shi zai tafi. Saboda haka a naɗe zare cikin baho tun farko, kada ƙafa ta taka cikin naɗin, kuma kada ka kuskura ka nannaɗe shi a tafin hannu don ka ƙara ƙarfin ja. Sa safar hannu, ko ka yanko robar tsohon tib ka zura a yatsu. In ya ja, sakar masa, in ya sassauta, ka tattaro. Wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugun kowa, kuma a yi magana tun a gaɓa cewa duk wanda ya ga zare ya kama mutum ya yanke, ba sai ya nemi izinin mai jirgi ba.

Da kifi ya taso gefen jirgi, kowa zai so leƙawa, nan jirgi ke karkata ya sha ruwa. Mutum biyu sun isa, sauran su zauna a ɗaya gefen. A saƙala masa ƙugiya mai sanda a ka, a kwaɗa masa kulki har ya daina motsi, sannan a jawo shi ciki. Wanda aka shigo da shi da ransa, da jela zai watsa ƙugiyoyi da jarkoki, ya kuma farfasa ƙwauri. A yanka shi jini ya fita, a binne cikin ƙanƙara nan take, domin tunan da ya sha rana kan tara gubar da dahuwa ba ta kashewa. In ruwa ya fara lasar bakin jirgi, lodi ya isa.

Da dare kunna farar fitila a kan sanda, mutum ɗaya kuma ya zauna ido biyu. Manyan jiragen da ke zuwa Tema da Lome ba lallai su hango jirgin katako a na'urarsu ba, in ma sun hango ba sa iya tsayawa nan take. Kai za ka kauce, kuma da wuri. Rijiyoyin mai na Jubilee da ke yamma suna tara kifi da haskensu, sai dai doka ta hana matsawa ƙasa da mita 500 kusa da su.

In inji ya mutu, ɗaura bokiti ko dunƙulen raga a doguwar igiya daga goshin jirgi ka jefa, don ya fuskanci igiyar ruwa ya rage gudu. Karanta lambobin GPS ka faɗe su a tasha ta 16, ka fara auna ruwan sha tun ranar farko. In kuwa jirgi ya kife, a ƙirga kai, kowa ya riƙe jikin jirgin. Kada wani ya ce zai yi iyo zuwa tudu. Masu nema kan hango bayan jirgi daga nesa, kan mutum ɗaya kuwa ko kusa suka zo igiyar ruwa na iya ɓoye shi.