Masu yi wa karnuka tausa da man ƙamshi, ga inda ake ta kuskure

Yanzu ƙananan kwalaben nan na man ƙamshin tsirrai sun cika gari, ana tallarsu a Facebook da WhatsApp, akwai su a shagunan turare na Babbar Kasuwar Katsina, toh sai ga shi masu karnukan gadi a GRA da samarin da ke kiwon karnukan farauta a bayan gari sun fara shafa wa karnuka, wai tausa, wai maganin kaska, wai ya rage masu wari. Tausar ba laifi ba ce, kare da ya sha gudu ko wanda ya tsufa ƙafafunsa suka yi tsami yana jin daɗinta sosai, man da ake haɗawa da ita ne ke jawo matsala.

Babban kuskuren shi ne shafa man zallansa daga kwalba. Wannan mai an tatso shi ne daga tsirrai masu ɗimbin yawa, ɗigo ɗaya ma ƙarfi gare shi, yana ratsa fata ya shiga jini, sannan kare ba ya barin abu a jikinsa, kana juya baya zai lashe. Dole a sirka shi da mai mara ƙarfi kamar man kwakwa ko man zaitun ko man kaɗe da aka narkar. Ɗigo 1 a cikin ƙaramin cokalin shayi (mililita 5) ya kai kusan kashi 1 cikin 100, kada a wuce haka, ni ma na fi son a yi rabinsa, wato ɗigo 1 a cokali 2. Ruwa ba ya sirka mai, in ka zuba cikin ruwa saman zai tsaya da ƙarfinsa.

Sai kuma zaɓen man. Mutane na ganin duk abin da ya fito daga itace ai ba zai cutar ba, wallahi ba haka ba ne. Man ti-tiri (tea tree), wanda mata ke saya don ƙurajen fuska, guba ne ga kare in aka shafa shi zalla, za ka ga yana tangaɗi, ƙafafun baya sun saki, jiki na rawa, yawu na zuba. Man kanumfari, man kirfa, man yukaliftus (eucalyptus) da man wintagirin (wintergreen) duk a nisanta su. Shi wintagirin sinadarin da ke cikinsa ɗan uwan asfirin ne, yana taɓa ciki da ƙoda. Kuma a nan ne man zafin da muke shafawa in mura ta kama mu ko ƙafa ta gurɗe ya shigo, yawancinsu akwai kafur da mentol a ciki, wasu har da wannan sinadarin na wintagirin. Kare ya dawo daga daji yana ɗingishi, yaro ya ɗauko man zafin Hajiya ya mulke masa ƙafa, karen ya koma gindin bishiya ya lashe shi tas. Dan Allah a daina. In dole sai an sa ƙamshi, labanda (lavender) ce aka fi ganin ta da sauƙi, ita ma a sirke.

Wani abin da ke ba ni tausayi shi ne yadda ba a kula da hancin kare. Ƙamshin da kai ka ji kaɗan, shi ya cika masa kai, don jin warinsa ya ninka namu nesa ba kusa ba. Kafin ka taɓa shi ka shafa man a tafin hannunka ka miƙa masa daga nesa. In ya kau da kai, ya yi atishawa, ya fara goga hanci a ƙasa ko ya tashi ya bar wurin, toh ya faɗa maka ba ya so, kar ka sa yara su danne shi. Kar a yi a cikin keji ko ɗaki a rufe, balle da rana tsaka a watan Afrilu lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40. Da yamma a tsakar gida ya fi. Fuska, cikin kunne, hanci, al'aura, tafin ƙafa da duk inda ke da ciwo ba a sa musu. Bayan wuya da kafaɗa, inda harshe bai kaiwa, nan ne wurin. Ɗan kwikwiyo, karya mai ciki ko mai shayarwa da kare mai farfaɗiya kuwa a bar su kawai. In akwai kyanwa a gidan ita ta fi kare saurin cutuwa da waɗannan mayukan.

Ita kanta tausar ba irin ta ɗan dambe ba ce. Tafin hannu a buɗe, a bi yadda gashi ya kwanta, daga wuya zuwa gindin wutsiya, a hankali, ba a danna ƙashin baya, minti 5 zuwa 10 ya isa. In ka zo wani wuri ya yi ƙara ko ya waigo zai kai cizo, tsaya, akwai ciwo a wurin.

Amma kuskuren da ya fi kashe karnuka shi ne mai da man ƙamshi magani. Kare ya cika da kaska, dasashinsa ya yi fari fat, ba ya cin abinci, ana ta shafa masa mai ana jiran ya warke, alhali cutar da kaska ke sawa a jini take, allura take so. Kirci ma haka, ƙwayoyin cuta ne ke cin fata, man ƙamshi ba ya kashe su, baƙin man inji da wasu ke lafta masa kuwa ƙara masa azaba ne. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kuma in an je a haɗa da rigakafin haukan kare.

In kuwa an riga an shafa, kare ya fara amai ko rawar jiki ko tangaɗi, a wanke wurin nan take da sabulun wanke kwanuka da ruwa mai ɗumi, a ɗauraye sosai. In ya haɗiya ne kar a ɗura masa manja ko ruwan gishiri don ya yi amai, man na iya faɗawa huhu. A ɗauki kwalbar a tafi da ita asibitin dabbobi tare da karen, likita zai so ya ga sunan man da yawan da aka sa.