Yadda ake fara harbi da bindigar iska bayan an yi ritaya

Wanda ya shekara talatin da wani abu yana sammakon zuwa aiki, ranar da ya ajiye aikin sai ya ga wuni ya yi masa tsawo. Cikin abubuwan da mutum zai iya kamawa akwai harbin takarda da bindigar iska. Wasa ne da ba ya neman gudu ko ƙarfin ƙirji. Natsuwa yake so, ita kuwa dattijo ya fi yaro. Kada kuma a raina shi: tun shekarar 1984 ake gasarsa a wasannin Olamfik, daga nisan mita 10, kuma ɗigon tsakiyar takardar da gwanaye ke nema faɗinsa rabin milimita ne kacal.

Kafin ka taɓa aljihu, fara da sanin doka, domin kowace ƙasa da nata tsarin. A Ingila babban mutum yana iya mallakar doguwar bindigar iska ba da lasisi ba muddin ƙarfinta bai wuce jul 16 ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin da harsashi ke fita da shi), amma a Sikotilan, maƙwabciyarta, tun ƙarshen 2016 sai da takardar izini. A Jamus iyakar jul 7.5 ce. Wasu ƙasashen ma ba sa bambanta ta da bindigar albarushi. Je wurin hukumar da ke kula da makamai ka yi tambaya, idan da hali ka karɓi amsar a rubuce.

Daga nan sai zaɓen bindiga, kuma a nan ne akasari ake tafka kuskure. Iri uku ne suka fi yawa. Akwai mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana ta kafin kowane harbi. Ta fi araha, ba ta buƙatar komai sai harsashi, sai dai ɗanawar tana cin kafaɗa, ga shi tana zabura lokacin da harsashi zai fita. Akwai mai tukunyar iska da ake cikawa tun da farko, matsin da ke cikinta ya kan kai bar 200 ko fiye, wato kusan ninki 200 na matsin iskar da muke shaƙa. Wannan ba ta zabura, ɗana ta ma da yatsu biyu ne, amma tana da tsada, kuma cika ta da famfon hannu aiki ne da ke sa haki. Mai ciwon zuciya ko na baya ya nemi babbar tukunyar iska irin ta masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa, ya riƙa cika bindigar da ita. Ta uku mai amfani da ƙananan kwalaben iskar gas ce, ƙarfinta yana raguwa idan gari ya yi sanyi.

A ganina, wanda ya haura sittin ya bar zancen ƙarfi. Mai sayarwa zai yi ta kururuta maka gudun harsashi, alhali bindigogin da ake cin lambar zinariya da su ƙarfinsu bai wuce kusan jul 7.5 ba. Huda takarda ba ya buƙatar fiye da haka. Ka gwada ɗana bindigar sau goma a jere kafin ka biya. Idan ta gajiyar da kai a na goma, ba za ka kai na sittin ba, harbi 60 kuwa shi ne adadin gasa. Ka ɗauki mai faɗin baki milimita 4.5, da harsashin dalma mai shafaffen kai, shi ne ke yanka rami zagayayye tas a takarda.

Sai wurin harbi. Auna mita 10, ka sa akwatin ƙarfe mai kama harsashi a bayan takardar, bayan akwatin kuma ya kasance bango ne ko tudun ƙasa, ba ƙofa ko hanyar wucewa ba. Katako mai tauri da roba suna dawo da harsashi, saboda haka tabarau na kariya dole ne. Bakin bindiga kada ya taɓa kallon mutum, ko da ka rantse babu komai a ciki, yatsa kuma ba ya hawa kunama sai an gama saiti. Idan jikoki na zuwa gidan, bindiga a kulle, harsashi a wani wurin daban. Bayan an tashi a wanke hannu da sabulu, dalma guba ce.

Fara a zaune, bindigar tana kan buhun yashi ko wani majingini. Babu abin kunya a ciki. A Jamus akwai rukunin gasa na manya da ake yi da majingini. Ido ne zai fara ba ka matsala, don idon da ya manyanta ba ya iya haɗa saitin baya da na gaba da takarda lokaci guda. Maganinsa saiti mai ɗan ƙaramin rami da ake leƙawa ta ciki, ko madubin hangen nesa. In bindigarka mai sifirin ce, tabbatar madubin an ƙera shi ne don irinta, domin zaburarta gaba da baya take yi, tana lalata madubin da ba nata ba.

Harbin kansa ga yadda yake. Ɗora kunci a wuri ɗaya kullum. Ja numfashi, saki kamar rabinsa, ka dakata. Matsa kunama a hankali har harsashi ya fita ba tare da ka fizge ta ba, sannan ka ci gaba da kallon takardar na daƙiƙa biyu kafin ka ɗaga kai. Idan ka ɗau lokaci kana saiti har hannu ya fara rawa, sauke, ka sake daga farko. Mai sifirin kuma ba a ƙanƙame ta; a kan buɗaɗɗen tafin hannu ake ɗora ta, a bar ta ta yi motsinta iri ɗaya kowane harbi.

Makonnin farko kada ka damu da tsakiya. Yi harbi biyar-biyar ka duba ko ramukan sun taru wuri guda. In sun taru, ko a gefen takarda ne, an kama hanya, sauran aikin murɗa saiti ne har su hau tsakiya. Rubuta kwanan wata a kowace takarda ka ajiye.

Kula da bindigar ba shi da wuya. Kada ka harba mai sifirin babu harsashi a ciki, yana kashe ta, kada kuma ka ɗiga man inji a ramin da iska ke fitowa, yana iya kamawa da wuta saboda matsi. Mai tukunya kuwa iska zalla ake cika mata, ban da iskar oksijin. Goge ƙarfen da ɗan tsumma mai maiƙo bayan kowane zama, ka mayar da ita inda kake kulle ta.