Darasi Na 9: Gwajin Sikila A Wajen Awon Ciki

Iyayena mata da maza 'yan aji, yau kowa ya dauko littafin awo na gidansa, wanda nas take rubutu a ciki tun ranar da mace ta fara zuwa awo. Akwai wurin da ake rubuta gwajin sikila, shi zamu koyi karantawa.

Sikila, ko amosanin jini, gado ne. Ba mayu bane, ba sammun kishiya ba, ba kuma wani abu da uwa taci da ciki ba. Kowa haruffa biyu gareshi na jini, daya daga uba daya daga uwa. A shine lafiyayye, sai S da C. Mai AS ko AC yana dauke da irin amma garau yake, yana dako a kasuwar Kejetia yana azuminsa, shiyasa da yawa basu ma san suna dashi ba, alhali a Gana wajen mutum 1 cikin 4 haka yake. Mai SS ko SC shine mai ciwon, kwayoyin jininsa suna lankwashewa kamar lauje su toshe kananan hanyoyin jini, sai ciwon kashi mai tsanani, ido yayi rawaya, jini yayita karewa. Jarirai kusan 2 cikin 100 da ake haifa a kasar nan da shi suke zuwa. Akwai wani dan uwansa talasimiya, yafi yawa a kasashen Larabawa da Indiya, amma in ya hadu da S shima sikila yake bayarwa.

Toh ga inda nake so ku bude kunne. Gwaji iri biyu ne. Na farko, wanda akafi yi don yafi araha, S kadai yake gani. Mace mai AC zata gwada ace mata negatif, ta koma gida hankali kwance, mijinta kuwa AS ne, sai gashi an haifi yaro SC kowa yana mamaki daga ina. Kuma wannan C din ba bako bane wurinmu, yafi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, inda iyayen da yawa daga cikinmu 'yan zango suka fito. Don haka Hajiya ki nemi na biyun, sunansa elektroforesis, shi yake fitar da haruffan biyu baro-baro. Sunan da wuya, na sani, ki rubutashi a takarda ki mika wa nas.

Malam, kaima sai ka bada jininka. Gwajin mace ita kadai rabin labari ne, kuma a ganina ba adalci bane a dora mata laifin abinda ku biyu kuka hada. In ku duka kuna dauke da irin, kuma akalla dayanku yana da S, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zuwa da ciwon. Kowane ciki fa! Ba wai in na fari ya samu sauran ukun sun tsira ba.

Mai cikin da ita kanta SS ko SC ce, ta fara awo da wuri, tasha folik asid, tasha ruwa sosai, ta kwana cikin gidan sauro, zazzabi ko ciwon kirji kada ta jira gari ya waye, kuma haihuwa sai asibiti.

In an sauka lafiya a nemi gwajin jariri, dan digon jini ne daga diddige. A Gana, nan Kumasi aka fara shi a 1995 a asibitin Komfo Anokye karkashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Yaron da aka gano da wuri ana fara bashi penisilin kullum tun yana 'yan watanni har shekara 5, da allurar rigakafi.

Aikin aji: yanka takarda biyu ka rubuta A da S na uba, wasu biyun A da C na uwa. Rufe ido ka dauki daya daga kowane bangare, rubuta abinda ya fito a littafinka, ka maida, ka sake har sau 12. Sau nawa SC ya fito? Kwatanta da na makwabcinka.