Haruffan C: da D: da E: a kwamfuta: kurakuran da na gaji da gani

Na daɗe ina koya wa matasa aikin kwamfuta a shagona, kuma kusan duk wanda ya zo yana ɗaukar harafin da yake gani a cikin This PC, wato shafin da Windows take jera ma'ajiyoyin kwamfuta, tamkar shi ne faifan ajiyar kansa. Harafin kuwa laƙabi ne kawai da Windows take bai wa wani sashe na ma'ajiya domin ta riƙa kiransa da shi, kuma daga rashin sanin wannan ne yawancin asarar da nake gani take tasowa.

Tambayar da sababbi suka fi yi ita ce me ya sa aka fara daga C. An yi amfani da tsarin tun a manhajar CP/M ta Gary Kildall a shekarun 1970, sannan MS-DOS ta gaje shi lokacin da kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta PC a 1981. A wancan zamani faifan filofi ake sakawa a cire, sai aka keɓe wa gurabensa biyu A: da B:. Da IBM ta fitar da samfurin XT a 1983 ɗauke da faifan ciki mai megabayit 10, harafin da ke biye shi ne C:, kuma a nan ya zauna har yau. Saboda haka wanda bai ga A: da B: a kwamfutarsa ba kada ya zaci an cire masa wani abu wajen gyara.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗaukar D: a matsayin wurin tsira, domin ni kaina na faɗa cikinsa, kuma na biya da tsada. A shekarun farko na shagon, ɗaliban da suke kammala karatu sukan kawo mini kundin bincikensu in buga musu, kuma duk abin da na buga a C: nakan kwafe shi zuwa D: da yamma, in rufe shago hankalina kwance. Wata safiya na kunna kwamfutar sai na ji faifan yana ƙara ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa farce a kan tebur, allo kuma ya tsaya baƙi. Mai gyara ya buɗe ta ya zaro faifai guda ɗaya tak ya ajiye a gabana. Na ce masa ina na biyun, wato D:, sai ya ce, "Malam, ai wannan shi ne C, shi ne kuma D." Aikin mutane na makonni ya tafi a lokaci guda. Wata ɗaliba da saura kwanaki kaɗan ta miƙa nata ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da takardunta na rubutun hannu, ta kasa cewa komai, kuma sai da na kwana uku ina sake bugawa ba tare da na karɓi ko kwabo ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne ana iya yanka faifai ɗaya gida biyu ko uku, abin da masu gyara suke kira fatishin, kowane yanki kuma a ba shi harafinsa. Kamar ɗaki ɗaya ne aka raba shi da katangar katako: idan gobara ta tashi, ba ta tambayar wane ɓangare ne na wa. Amfanin D: irin wannan yana nan, domin idan Windows ta lalace aka goge C: aka sake ɗora ta, abin da ke D: zai tsira matuƙar ba a taɓa shi ba. Amma idan faifan ya mutu, ko aka sace kwamfutar, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta, D: ba zai cece ka ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: danna madannin Windows tare da X, ka zaɓi Disk Management, ka dubi ƙasan shafin. Idan C: da D: suna jere a layi ɗaya da aka rubuta Disk 0, to faifai ɗaya gare ka. Ni dai tun daga wancan lokaci kowace Alhamis nake kwafe aikin mako a faifan waje, in zare shi, in tafi da shi gida a aljihu. Wasu sun fi son ajiya a intanet, ban hana su ba, amma na fi yarda da abin da hannuna yake riƙe da shi.

Haka kuma a sani cewa Desktop da Documents da Downloads duk a cikin C: suke, ƙarƙashin foldar Users, saboda haka ranar da aka goge C: tare suke tafiya.

Kuskure na biyu shi ne zaton cewa harafi ba ya canzawa. Windows takan bai wa duk abin da aka jona harafin da ya fara samuwa babu mai shi, don haka filas ɗin da yake E: jiya yana iya zama F: yau, a kwamfutar maƙwabcinka kuma ya zama G:. Na san wannan a baki, amma hannuna bai sani ba, sai ranar da wani mai ɗaukar hoto ya kawo faifansa na waje cike da hotunan bukukuwan mutane domin a wanke masa wasu. Yaron shago ya riga ya jona shi ta bayan kwamfutar ban lura ba, ya karɓi E:. Na zo na soka filas ɗina, wanda shekara guda na saba ganinsa a E:, na danna E: na yi fomatin, wato share ma'ajiya a mayar da ita fanko, ba tare da na dubi suna ko girma ba, sannan na zuba manyan fayiloli a kai. Da a ce na tsaya bayan fomatin ɗin, da an ceto kusan komai, domin fomatin na gaggawa jadawalin fayiloli yake sharewa ya bar ainihin bayanan. Abin da na zuba a kai shi ya danne su. Mun samo wasu da manhajar ceto, wasu kuma sun tafi ke nan, kuma hoton biki ba a sake ɗaukarsa. Har yau idan na haɗu da mutumin nan sai na ji nauyi a ƙirjina.

A nan ne nake son in ja kunnen masu gyara, musamman yaran da suka koyi ɗora Windows a mako biyu suka ɗauka sun gama. Wane irin ganganci ne mutum ya kawo maka kwamfutarsa da ajiyar shekaru a ciki, ka isa shafin zaɓen wurin ɗorawa, ka bi duk abin da ke jere kana gogewa ba ka tambayi mai kaya ba? A wannan shafin babu harafi ko ɗaya. Abin da za ka gani shi ne Drive 0 Partition 2, Drive 0 Partition 3 da girman kowanne. Idan kuma ka shiga baƙin shafin umarni na wurin gyara, za ka tarar da kanka a X:, sashen da ka sani da C: kuma yana iya fitowa a matsayin D:. Wanda ya dogara da harafi a wannan wuri da ido rufe yake aiki, kuma dukiyar wani ce yake wasa da ita.

Ƙa'idar shagona yanzu ba ta da sassauci. Kowane sashe da kowane filas sai an raɗa masa suna, ta hanyar danna shi da maɓallin dama a zaɓi Rename, domin sunan yana rubuce a jikin ma'ajiyar kuma yana binta duk inda ta je, har cikin shafin ɗora Windows. Kafin a yi fomatin, sai an zare duk abin da ba shi ake nufi ba, sannan mai aikin ya karanta suna da girma da babbar murya in ji. Yara sukan ga kamar na cika tsanani, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Faifan ajiyata kuwa na ba shi T: ta hanyar Change Drive Letter and Paths, nesa da haruffan farko da ake turereniya a kansu. Sai dai a tuna cewa wannan kwamfutar ce kaɗai take riƙe da zaɓin, wata ba ta san da shi ba.

Sauran kurakuran ƙanana ne, ko da yake suna ɓata lokaci. Kada ka canza harafin sashen da aka ɗora manhajoji a kansa, domin za su ci gaba da neman fayilolinsu a tsohon adireshi su rasa. Idan layin C: ya yi ja alamar ya cika, kada ka yanke foldar Program Files ka kai D:, za ka kashe manhajojinka. Abin da ya dace shi ne ka mayar da Documents ko Downloads can ta hanyar Properties da Location. Ƙananan sassan da ba su da harafi a Disk Management, kamar na EFI mai ɗauke da fayilolin tayar da kwamfuta, wanda yawanci megabayit 100 ne, da kuma na Recovery mai ɗauke da kayan gyaran Windows, da gangan aka ɓoye su, kuma wanda ya goge na farkon kwamfutarsa ba za ta ƙara tashi ba sai an yi mata aiki. Harafi irin Z: da ma'aikata suke gani a ofis yawanci folda ce da ke kan wata kwamfutar, shi ya sa yake yankewa idan an fita daga ofis. Abin da aka goge daga can, ko daga filas, ba ya sauka a Recycle Bin, kwandon da ake dawo da abin da aka goge daga cikinsa. Waya da Mac da Linux kuwa ba sa amfani da haruffa sam.

Idan ka jona filas ka ji ƙarar shigarsa amma bai fito ba, duba Disk Management tukuna, domin sau da yawa harafi ne kawai bai samu ba, kuma ba shi harafi ba ya taɓa ko fayil ɗaya. Idan kuma Windows ta ce sai an yi fomatin kafin a buɗe shi, alhali ka san akwai kaya a ciki, danna Cancel, ka zare shi, ka gwada a wata kwamfutar kafin ka kai wa wanda ya iya ceto.