Yadda ake haɗa man shafawa na kaɗanya a gida

Tun da hunturu ya kama 'yan uwa ke ta tambayata yadda nake haɗa man da ke hana kaushi da faso. To ga shi.

Kayan haɗi: man kaɗanya giram 200, man kwakwa cokali 4, man zaitun cokali 2, turare mai maiƙo ɗigo 10.

1. Wanke kwano, cokali da robar da za ki zuba man.
2. Shanya su su bushe ƙarau.

Hattara: ko ɗigon ruwa ne ya shiga, man zai iya yin fumfuna, domin babu sinadarin hana lalacewa a cikinsa.

3. Yayyanka man kaɗanyar ƙanana a kwanon silba.
4. Ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi har ya narke.

Kada ki ɗora shi kai tsaye a wuta, zai yi ƙauri. A nan yawanci ake ɓata shi.

5. Tace da ƙyalle mai tsabta, musamman in na kasuwa ne.
6. Zuba man kwakwa da zaitun ki juya.
7. Saka a firji ya fara daskarewa, kamar minti 30.
8. Buga shi da abin kaɗa ƙwai har ya yi fari ya tashi. Hannu zai gaji, ki daure.
9. Ɗiga turaren ki sake bugawa kaɗan.
10. Juye a roba ki rufe, ki ajiye a inuwa, don zafin rana na narkar da shi.
11. Shafa kaɗan a damtse ki jira kwana ɗaya. In ya yi ƙaiƙayi ko ƙuraje, ki bar shi.

Don Allah kada ki cakuɗa shi da man bilicin, yana sa fata ta yi siriri ta ƙone.